Hannu da Ibada: Yadda Ake Tsara Jerin Hotuna

Akwai dattawa da yawa a ƙasar Hausa da ba za su yarda ka ɗauki hoton fuskarsu ba. Wani fatawar malaminsa ya riƙe game da hoto, wani kunya ce kawai, wata kuma matar aure ce da ba a saba da hakan a gidansu ba. Amma idan ka durƙusa ka ce, “Baba, hannun nan kawai nake so, da carbin,” sau da yawa sai ka ga ya gyara zama. Ta nan mai hoto yake samun shiga wuraren da ba zai shiga da neman fuska ba, kamar zauren alaramma da ɗakin ungozoma da bakin karofi. Wannan jagora ta wanda yake so ya shiga da shiri ce, ya fito da hotuna masu amsa wa juna, maimakon tarin hannuwa da aka tsinto nan da can.

Tambaya ɗaya kafin kyamara

Jerin hotuna yana farawa a takarda. Zauna ka rubuta jimla ɗaya da ta faɗi abin da kake nema, jimlar da za ka iya faɗa wa mai unguwa a tsaye ya gane. “Ina ɗaukar hannuwa” bai isa ba. “Ina bin abin da hannu yake yi wa Allah daga asuba zuwa lisha” ya isa, haka ma “Ina ɗaukar hannuwan da suke karɓar mutum daga haihuwa zuwa kabari.” Duk hoton da ya burge ka daga baya amma bai shiga cikin jimlar ba, ka adana shi don wani aikin.

Masu hoto na baya sun bi hanyoyi biyu da ya kamata ka sani. Ta farko ita ce mutane da yawa, tsari ɗaya. Misalinta mafi kusa da mu shi ne J. D. ’Okhai Ojeikere, wanda ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, ya ci gaba har ya tara hotuna kusan 1,000, baƙi da fari, yawancinsu daga baya ko daga gefe, bango babu komai. Da yake tsarin ɗaukar kusan iri ɗaya ne, idon mai kallo ba ya da abin dubawa sai kitson, kuma bambancin wannan da wancan yana fitowa da kansa. Hanya ta biyu ita ce mutum ɗaya, lokaci mai tsawo. Alfred Stieglitz na Amurka ya ɗauki mai zane Georgia O’Keeffe hotuna fiye da 300 tsakanin 1917 da 1937, kuma waɗanda aka fi tunawa a cikinsu har da na hannuwanta kaɗai.

Ga mai farawa na fi ba da shawarar hanya ta farko, domin tana tilasta maka ladabi. Amma idan kana da kaka ko tsohon malami da kake gani kullum, kada ka raina ta biyu. Wanda ya bi hannun tsohuwa guda shekara ɗaya, daga carbin asuba zuwa tuƙin tuwon sadaka zuwa shafa kan jika, ya fi wanda ya zagaya jihohi biyar yana ɗaukar baƙi samun abin nunawa.

Ka san abin da hannu yake faɗa a inda kake

A nan ne mafi yawan kuskure yake faruwa, saboda idonmu ya sha hotunan wasu ƙasashe a intanet har mun ɗauka alamominsu na kowa ne. Tafuka biyu a manne, yatsu suna kallon sama, shi ne hoton addu’a da ya fi yaɗuwa a duniya. Ya samu wannan suna ne musamman daga zanen da Albrecht Dürer ya yi a wajen 1508, wanda ke ajiye a gidan tarihi na Albertina a Biyana, kuma addu’ar Kiristocin Turai yake nunawa. A Indiya irin wannan haɗa tafi gaisuwa ce da girmamawa. Musulmin Kano ko Damagaram kuwa tafukansa a buɗe suke idan yana roƙo, cikinsu yana kallon sama, idan ya gama ya shafa a fuska. Haka nan tafin nan mai yatsu biyar da ake ratayawa a ƙofofi a Maroko da Tunisiya don tsarin kambun baka, ba al’adarmu ba ce, kuma malamai da yawa a nan ba su yarda da shi ba. Idan ka saka shi a jerinka don ya yi kyau, ka kawo baƙon da za a tambaye ka dalilinsa.

Akwai abin da ya fi wannan haɗari. Masu hoto na waje suna son tafi a buɗe, yatsu a ware, yana fuskantar kyamara. Tsohuwar siffa ce ƙwarai: a Kogon Hannuwa da ke lardin Santa Cruz na Ajantina akwai ɗaruruwan irinta a jikin dutse, wasu sun haura shekara 9,000. To amma ka rataya wannan a bango a Zariya, mai shigowa daƙuwa zai gani, kuma shi aka yi wa. Idan kana son tafi, ɗauke shi a kwance ko a karkace, yatsu a haɗe, ko yana riƙe da wani abu.

Sai dama da hagu. Da dama muke ci, da ita muke bayarwa da karɓa da musabaha. Kyamarar gaba ta waya takan juya hoto kamar madubi, kuma mai tsara shafin mujalla yakan juya hoto don ya dace da rubutu. Juyi ɗaya zai mai da dattijo mai ba da sadaka da hagu, ko alaramma mai damƙa wa ɗalibi allo da hagu. Rubutun allon ma zai koma baibai. Ka rubuta wannan sharaɗi ga duk wanda za ka ba hotunanka: ba a juya su.

Inda mutum yake ajiye hannunsa a salla ma magana ce. Sadlu, wato sakin hannuwa a gefe, shi ne abin da aka gada a nan daga karatun Malikiyya. Lokacin da almajiran Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha suka yaɗa kabalu, wato ɗora dama a kan hagu, an yi jayayya mai zafi a garuruwan Arewa a shekarun 1950 da 1960, har masallatai suka rabu. Yau ƙungiyoyi dabam-dabam suna kabalu, wasu a ƙirji, wasu ƙasa da shi, wasu kuma suna nan a kan sadlu. Mai kallo Bahaushe zai karanta wannan a hotonka cikin ƙiftawar ido. Saboda haka ka yanke tun farko: ko ka nuna duka ba tare da fifita wani ba, ko ka bayyana a gabatarwa cewa jama’a ɗaya ka bi.

Karanta abin da addinin mutanen ya ce kafin ka fita. Aya ta 65 ta Suratu Yasin tana bayanin ranar da hannuwa za su yi magana a kan masu su, aya ta 4 ta Suratul Ƙiyama kuma ta ambaci daidaita kan yatsu a tashin alƙiyama. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito umarnin ƙirga tasbihi da yatsu saboda za a tambaye su. Wanda ya san waɗannan zai lura da babban yatsan da ke tafiya a gaɓoɓin sauran bayan sallama, abin da wani zai ɗauka motsi ne kawai.

Abin da za a ɗauka

Yanzu ka rubuta wuraren da za ka je, ka ware kusan ashirin ko talatin, da sanin cewa wasu ba za su yiwu ba. Idan ka zaɓi bin rayuwa daga farko zuwa ƙarshe, ka fara da ungozoma, da yatsan da ke sa wa jariri dabino a baki, da wanzami ranar suna. Daga nan sai makarantar allo, inda za ka daɗe, domin hannu ne ke yin komai a can. Ga feƙe alƙalami, ga dama tawada da ƙaro, ga hannun malam a kan na yaro yana ja masa baƙi na farko, ga wankin allo, ga mai zayyana yana ƙawata allon sauka. Idan ka dace da alaramma mai rubuta Alƙur’ani da ka, ka roƙi iznin zama kusa da shi yini guda. Tabon tawada a yatsansa na tsakiya da kantar da alƙalami ya bari sun ishe ka hoto ba tare da fuska ba.

Alwala da hannu take farawa, kuma ruwan buta a hasken safiya abu ne mai kyau a hoto. Taimama ba a cika ɗaukarta ba, alhali tafi biyu a kan ƙasa mai tsarki, ƙura tana tashi kaɗan, yana cikin mafi ƙarfin abin da za ka samu. Akwai manuniya a zaman tahiya. Akwai carbi iri-iri, na itace da na roba da ’yar ƙaramar na’urar ƙirge da matasa ke sawa a yatsa yanzu, kuma kada ka guje wa wannan na ƙarshe don bai yi kama da na da ba, zamaninka kake rubutawa. Akwai lazimin ɗan Tijjaniyya safe da yamma, da hannuwan masu bandiri a Maukibin Ƙadiriyya na Kano. A ɗaurin aure kuma, lokacin da aka ce a shafa fatiha, hannuwa da yawa suke tashi tare su sauka tare, sai ka nemi wuri mai ɗan tudu tun kafin a fara.

Lalle yana buƙatar mace mai hoto, ko mace da za ta riƙe maka kyamara. A ɗauki na amarya, amma a nemi na tsofaffi ma, jan lallen nan da ke rufe tafi gaba ɗaya, wanda a da ake zura hannu a zunguru a kwana da shi.

Kada ka tsaya a masallaci kaɗai. Mutanenmu suna ɗaukar neman halal a matsayin ibada, kuma idan ka tambayi maƙeri ko marini zai faɗa maka haka da bakinsa. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake jingina kafuwarta ga 1498, tana da hannuwan da baba ya rina har ƙarƙashin farce, ko da yake da yawa suna sa safar roba yanzu. Kusa da su ga mabuga da sandunansu. Ga maɗori yana laluben karaya yana tofi, ga manomi yana jefa iri da bisimilla. Idan jerinka ya ƙunshi Hausawa Kiristoci, irin su jama’ar Wusasa inda cocin Saint Bartholomew na ƙasa yake tun wajen 1929, akwai tafin da ke karɓar jibin Ubangiji da ɗora hannu a kan marar lafiya. Ka ɗauke su da haske da nisa iri ɗaya da kowa, kada jerin ya zama gasa.

Abubuwa biyu suna son tsayawa a yi tunani. Na farko sadaka. Hadisin mutum bakwai da za a sa a inuwa ranar ƙiyama ya yabi wanda ya ɓoye sadakarsa har hagunsa bai san abin da damansa ya bayar ba. Ta yaya za ka ɗauki abin da kyansa ɓoyewa ne? Ni dai ina ganin a bar hoton nan da aka gaji da shi, na hannu mai zobe a sama da hannun yaro da roba a ƙasa. Yana ƙasƙantar da mai karɓa, yana jefa mai bayarwa cikin riya. A ɗauki hannun da ke cika randar ruwan sha a ƙofar gida, ko mai rabon kunu da ƙosai a azumi, ko mai auna zakkar fid da kai da mudu. Na biyu mutuwa. Wankan gawa sirri ne da amana, kyamara ba ta da wuri a can ko da an ba ka izni. Hannun mai ɗinkin likkafani da na masu haƙar kabari za su isar da saƙon, su ma bayan ka nemi yardarsu a ranar da ba a cikin makoki.

Neman izni

Ziyarar farko ka bar kyamara a jaka. Je ka gaida mai unguwa ko liman ko sarkin sana’ar, ka faɗi jimlarka, ka nuna hotuna biyu ko uku da ka wanke a takarda don su ga abin da kake nufi. A tsangaya iznin malam ne, a zawiya na muƙaddami, a cikin gida na matar da kanta da na maigidanta. Yara kuwa sai da yardar iyaye ko wanda suke hannunsa. Ka faɗi gaskiyar inda hoton zai je: bangon nuni ne, ko littafi, ko Instagram, kuma ko za a sayar. Ga wanda ba ya karatun boko, ɗauki yardarsa da murya a waya, da Hausa, tare da kwanan wata.

Kada ka yi zaton rashin fuska yana ɓoye mutum. A unguwa kowa ya san zoben wane da tabon wance, kuma zanen lalle yana tona amarya ga duk wadda ta je biki. Akwai kuma batun zanen yatsa. A 2014 wani masanin kwamfuta a Jamus, Jan Krissler, ya nuna cewa ya kwafi zanen babban yatsan ministar tsaron ƙasar ta lokacin, Ursula von der Leyen, daga hotunan da aka ɗauke ta a bainar jama’a. A Najeriya, ƙasar da lambobin BVN da NIN suke rataye a kan yatsa, kuma dokar kare bayanan jama’a ta 2023 ta sa irin wannan cikin bayanai masu buƙatar tsaro na musamman, ya kamata ka rage girman duk hoton da kan yatsu ya fito tar kafin ka ɗora shi a intanet.

Haske da kayan aiki

Ba ka buƙatar kaya masu tsada. Kyamara da gilashi mai tsawon milimita 50 ko 85 ta wadatar, idan kuma kana da na ɗaukar abu kusa-kusa mai 100, to madalla. Abin gudu shi ne gilashi mai faɗi a kusa da hannu, domin yana kumbura yatsan da ya fi kusa ya ƙanƙantar da sauran. Babbar kyamarar waya irin wannan ce, don haka mai aiki da waya ya danna 2x ya ja baya kaɗan. Ya kashe gyaran fata, ya kashe tsarin nan da ke dusashe bayan hoto da kansa, saboda yakan cinye ƙwayoyin carbi da gefen yatsu.

Mafi kyawun ɗakin hoto da za ka samu shi ne zaure. Haske yana shigowa ta ƙofa ɗaya, daga gefe, mai taushi, bango kuma yana da duhu. Zaunar da mutum taku ɗaya ko biyu daga bakin ƙofa, yadda hasken zai gifta bayan hannunsa maimakon ya doke shi gaba da gaba. Hasken gefe shi ke fito da jijiya da tamoji da kanta. Filashar kyamara tana shafe su duka, ga kuma firgita mai ibada, don haka a kashe ta. Idan ɓangaren inuwa ya yi duhu da yawa, wani ya riƙe farin kwali ko farin mayafi a can gefen. A waje kuwa ka yi aiki da hantsi ko bayan la’asar, ko a inuwar bishiya mai kauri wadda ba ta yayyafa haske. Hazon hunturu yana tausasa rana, amma ƙurarsa tana shiga kyamara, kada ka sauya gilashi a fili.

Baƙar fata tana son kulawa ta musamman, kuma na’ura ba ta taimaka maka. Shekaru da yawa katin da kamfanin Kodak yake rarraba wa masu wanke hoto don daidaita launi hoton farar mace ne, kuma har yau ma’aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mai da komai ruwan toka matsakaici. Idan hannu yana kan farar babbar riga, kyamara za ta ga farin ya yi yawa ta rage haske, hannun ya zama baƙin dunƙule. Ƙara haske da kanka da mataki ɗaya ko ƙasa da haka, kana duba kada farin ya ƙone. Baƙar fata tana nuna siffarta ne ta ƙyallin da ke kwanciya a kanta, shi ya sa babbar ƙofa ko taga ta fi ƙaramar fitila. Ka tuna kuma tafi ya fi bayan hannu haske, sai ka auna a kan wanda ya fi muhimmanci a hoton. Idan kyamararka tana ɗaukar RAW, yi amfani da shi.

A kusa, abin da ke fitowa tar ba shi da zurfi. Da gilashin 85 a buɗe a f/2.8, kana nisan ƙasa da mita ɗaya, bai wuce faɗin yatsa ɗaya ba. Rufe zuwa f/5.6 ko f/8 idan kana son hannun duka, ka sa saiti a gaɓar da ke aikin, misali inda babban yatsa ya haɗu da ƙwayar carbi. Hannu mai motsi yana son saurin 1/250 ko sama, ɗigon ruwan alwala kuma 1/1000 da haske daga baya. A zaure wannan zai sa ka ɗaga ISO zuwa 1600 ko 3200, kuma ba laifi, ɗan ƙurji a hoto ya fi hoton da ya girgiza. Wani lokaci ka sauke saurin zuwa 1/30 da gangan, yatsun mai bandiri su zama iska, jikin bandirin ya tsaya.

Launi ko baƙi da fari? Yanke kafin ka fara, ka tsaya a kai. Baƙi da fari yana haɗa kan hotunan da aka ɗauka a wurare dabam-dabam, yana kuma kawar da robobi masu launi da ke ko’ina. Amma jerin da ke da lalle da baba da jan goro a yatsa zai yi asara babba idan aka cire masa launi.

Lokacin ɗauka

Da zarar mutum ya san hannunsa ake kallo, hannun yakan sandare. Wani zai goge shi a riga, wata za ta aika a kawo mai. Roƙe su da ladabi su bar shi yadda yake, domin kaushin nan da fason hunturu su ne tarihin. Idan kuwa mace ta ce sai ta yi ƙunshi tukuna, ka dawo ranar da ta ce. Hannunta ne, ita ta san yadda take so a gan shi. Maganin sandarewa hira ce. Tambaye shi wa ya koya masa aikin, carbin nan daga ina, wannan tabon fa. Yana ba ka labari hannun zai koma ga abin da ya saba.

Ga ƙa’idar da na fi riƙewa da ƙarfi: kada ka ce wa kowa, “Ɗaga hannu kamar kana addu’a.” Addu’ar da aka yi don kyamara tana fitowa a hoto, yatsu a miƙe fiye da kima, tafuka a daidaice kamar an gwada. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne ka sa bawan Allah ya kwaikwayi ibada don idon mutane. Ka nemi izni tun da wuri, ka gaya masa ya yi abinsa a lokacinsa, kai kuma ka zauna a gefe ka jira. Kashe ƙarar kyamara. Kada ka gifta gaban mai salla, kada ka matso har ka raba masa hankali. Idan an tayar da salla kai ma Musulmi ne, ajiye kyamara ka shiga sahu, jama’ar da suka ga haka ba za su ƙara yi maka kallon baƙo ba. Za ka rasa hotuna ta wannan hanya, amma waɗanda ka samu za ka iya nuna wa masu su ba tare da sunkuyar da kai ba.

A kowane zama ɗauki nisa uku: hannu kaɗai, hannu da abin aikinsa, da hannu tare da ɗan gefen riga ko tabarma da zai nuna wuri. Lura da gefen hoto, kada ka yanke yatsa a gaɓa ko hannu daidai wuyansa, yana sa hoto ya yi kama da na rauni. Kafin ka tashi rubuta sana’ar mutum da gari da lokaci da jimla ɗaya daga bakinsa, yadda ya faɗe ta. Ita ce za ta zama bayanin ƙasan hoto, kuma ta fi duk wata fassara da za ka ƙirƙiro.

Tacewa da jerawa

Daga ɗaruruwan da ka ɗauka, goma sha biyar zuwa ashirin da biyar kake nema. Zaɓi kusan hamsin ka wanke su ƙanana, ka baza a tabarma, ka bar su kwana biyu kana wucewa kana kallo. A fuskar kwamfuta hoto ɗaya kake gani, a ƙasa kuwa za ka ga carbi ya yi yawa, mata sun yi kaɗan, ko duk hannuwan tsofaffi ne. Idan biyu suna faɗin abu ɗaya, ɗaya ya fita, ko da ka sha wahala kafin ka same shi. Jera su yadda jimlarka ta farko ta nuna, amma ka duba maƙwabtaka: tafin da ya buɗe kusa da wanda ya dunƙule, ruwan alwala kusa da ƙasar taimama. Kira mutum biyu su duba, mai hoto ɗaya da malami ko dattijuwa ɗaya. Na biyun ne zai hango maka abin da zai ɓata wa jama’a rai.

Wajen gyara a kwamfuta ka tsaya ga haske da inuwa da launi. Kada ka sulɓe fata, kada ka haskaka ta, kada kuma ka ƙara wa tamoji duhu don tsoho ya ƙara tsufa. Idan za ka yi nuni, gwada wanke hotunan daidai girman hannun mutum a takarda marar ƙyalli, ka rataye su ƙasa kaɗan da yadda aka saba, bayanin da Hausa, da ajami ma idan a unguwar malamai ne. Ajiye asalin hotunan a wuri biyu dabam, tare da muryoyin izni.

A lissafin kuɗinka ka fara ware na wanke kwafi ɗaya ga kowane mai hannu, kafin na firam da na ɗakin nuni, ka kai musu da kanka kafin kowa ya gani. A wannan ziyara wani zai iya cewa ya sake tunani, a cire nasa. Ka cire, shi ya sa tun wajen tacewa ake barin hotuna uku ko huɗu a gefe da za su iya maye gurbi.